Emuletan da masu shi suka ajiye da tsofaffin gem: sun zama na kowa ne?

Ɗan_Gidan_Gem

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san harkar emuleta ce, wato manhajar da ke sa waya ko kwamfuta ta yi aikin na'urar gem irin su PS1, PS2, PSP da 3DS.

Da yawa cikin waɗanda aka saba da su sun tsaya. An rufe Citra na 3DS a 2024, mai AetherSX2 na PS2 ya ajiye aikinsa, DraStic na Nintendo DS ya ɓace daga Play Store, ZSNES na SNES kuwa rabonsa da sabon fitowa tun 2007. Su ma na'urorin an daina ƙera su, kasasuwansu ba a buga sababbi. Maganar da ke yawo ita ce irin waɗannan sun zama yasassu, ba su da mai su, kowa na iya ɗauka ya raba.

To shin haka abin yake a doka? Idan mutum ya tara tsofaffin emuletoci ya ɗora a shafinsa don kada su ɓace, ya yi laifi? BIOS ɗin PS1 da PS2 fa, wato manhajar da ke cikin na'urar mai tayar da ita, tunda Sony ta daina sayar da na'urorin? Sannan mai shagon da ke tura wa mutane PPSSPP, emuletan PSP, da gem ɗin ƙwallo a waya yana karɓar kuɗi, ina matsayinsa? Akwai kuma masu cewa in ka sauke gem ka goge shi kafin awa 24 ba komai. Don Allah wanda ya sani ya warware mana.

MaiNazarinDoka

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai a raba abin gida uku, domin haɗa su wuri ɗaya ne ke kawo ruɗani: akwai emuletan kansa, akwai BIOS ko makullan na'ura, akwai kuma gem ɗin. Kowanne da mai shi daban, kowanne da hukuncinsa.

Kalmar yasasshe ba ta cikin dokar haƙƙin mallaka, masu sha'awar tsofaffin wasanni ne suka ƙirƙiro ta. Kango ko ya shekara talatin ba kowa a ciki, yana da magada. Kamfani ya daina sayar da gem bai sauke haƙƙinsa ba, kuma ko kamfanin ya ruguje haƙƙin yana komawa hannun wanda ya sayi kadarorinsa ne. Abin da ke ƙare haƙƙi shi ne cikar wa'adi, ko mai shi ya yafe a fili. A Amurka aikin da kamfani ya mallaka yana ɗaukar shekara 95 daga fitowarsa, don haka Super Mario Bros. na 1985 yana hannun Nintendo har ƙarshen 2080. A Japan shekara 70 ne. A Najeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta sa manhajar kwamfuta a sahun rubutattun ayyuka masu shekara 70, ayyukan hoto mai motsi da sauti kuma shekara 50. Ko da wa'adi mafi gajarta aka ɗauka, Famicom ta Nintendo ta fito a 1983, PS1 a Disamba 1994. Lissafin bai kai ba tukuna. Kuma tunda Najeriya da Nijar suna cikin yarjejeniyar Berne, aikin ɗan Japan yana da kariya a nan kamar yadda aikin ɗan ƙasa yake da ita.

Inda mutane ke samun saɓani shi ne haƙƙin ƙirƙira, wanda ke kare ƙirar na'ura. Shi shekara 20 kawai yake yi. Shi ya sa yau kowa na iya ƙera na'urar da ke karɓar kaset ɗin NES ya sayar ba mai ce masa uffan. Amma in ya loda mata wasanni 500 a ciki ya taka haƙƙin mallaka, wanda bai ƙare ba. Ƙarfen ya fita daga kariya, abin da aka rubuta a ciki bai fita ba.

Shi kuma rubuta emuleta, kotu ta taɓa magana a kai. A 1999 kamfanin Connectix ya fitar da Virtual Game Station mai buga wasannin PS1 a kwamfutar Mac. Sony ta kai ƙara saboda injiniyoyin sun kwafi BIOS ɗinta lokacin da suke nazarin yadda take aiki. A 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta tara a Amurka ta ce wannan kwafin na nazari halal ne, tunda abin da suka fitar kasuwa ba ya ɗauke da rubutun Sony. Ta jingina da hukuncin Sega da Accolade na 1992. A 2000 ɗin dai Bleem, wani emuletan PS1, ya yi nasara a kan Sony game da sa hotunan wasanni a tallarsa. Sai dai nasarar ba ta cece su ba: Sony ta sayi Virtual Game Station a 2001 ta kulle shi, Bleem kuma kuɗin shari'a ya durƙusar da shi a Nuwamba 2001. A lura da abin da hukuncin ya ce da abin da bai ce ba. Ya halatta a yi nazarin BIOS don a rubuta sabo. Bai halatta a raba BIOS ɗin ba. Kuma hukuncin kotun Amurka ne, ba ya ɗaure alƙalin wata ƙasa.

Na'urorin baya-bayan nan sun zo da wata matsala dabam. Wasanninsu a kulle suke da lissafin sirri, kuma sashe na 1201 na dokar DMCA ta Amurka ta 1998 ya haramta karya irin wannan kulle da kuma raba kayan karya shi, ko da ba a kwafi komai ba. Ta wannan ƙofar Nintendo ta shigo wa Yuzu, emuletan Switch, a Fabrairu 2024. A Maris kamfanin Tropic Haze ya amince ya biya dala miliyan 2.4 ya rufe Yuzu, ya haɗa da Citra tunda masu aikin ɗaya ne. Sulhu aka yi, alƙali bai zauna ya tantance hujjojin ɓangarorin biyu ba, don haka ba a ce emuleta haramun ne ba. Amma saƙon ya isa. Ryujinx, wani emuletan Switch, ya rufe a Oktoba 2024. Tun kafin nan ma, a 2023, Dolphin, emuletan GameCube da Wii, ya fasa shiga shagon gem na Steam bayan Nintendo ta nuna wa Valve, mai shagon, cewa makullin Wii yana cikin manhajar. Dokar Najeriya ta 2022 ita ma ta shigo da haramcin karya kullen fasaha, ba batun Amurka kaɗai ba ne.

Game da raba wasannin kuwa ba wata jayayya. Masu shafukan LoveROMs da LoveRETRO an yanke musu sama da dala miliyan 12 a 2018, a shekarar da EmuParadise ya cire duk abin saukewa da kansa. Mai RomUniverse an ci shi dala miliyan 2.1 a 2021. Da yawa cikin abin da ke waɗannan shafuka tsofaffin wasanni ne da aka daina sayarwa, kuma hakan bai zama kariya a gaban kotu ba.

Zancen awa 24 ƙarya ce da ta samo asali daga tsofaffin shafukan intanet. Babu ta a kowace doka. Kwafin ya auku tun lokacin da saukewar ta kammala.

Injiniya_Retro

Malam ya gama da ɓangaren Sony da Nintendo. Bari in tsaya kan abin da aka fi mantawa da shi: emuletan ma yana da mai shi. Wanda ya rubuta shi yana da haƙƙin mallaka daidai da na kamfani, kuma daina aiki a kansa bai mayar da shi tsintuwa ba. Amsar ko za ka iya ɗora shi a shafinka tana cikin lasisinsa, kuma sun bambanta sosai.

Waɗanda ke kan lasisin GPL su ne masu sauƙi. ZSNES, Citra, PPSSPP, Dolphin, da MAME tun 2016, duk a kansa suke. Lasisin ya ba ka dama ka raba, ka gyara, har ka sayar, kuma mai shi ba zai iya janye izinin abin da ya riga ya fitar ba. Sharaɗin shi ne ka haɗa da takardar lasisin, kada ka goge sunayen masu aikin, sannan duk wanda ka ba manhajar ka ba shi hanyar samun asalin rubutunta, har da gyaran da ka yi. Mai canza wa PPSSPP suna da tambari ya cusa talla ya ɓoye rubutun ya karya lasisi. Wannan ne zargin da masu PCSX2, emuletan PS2 na kwamfuta, suka yi wa DamonPS2 shekaru da suka wuce. Saboda GPL ne Citra bai mutu da rufewarsa ba: reshen Lime3DS da na PabloMK7 sun haɗe sun zama Azahar. Sunan ba na lokacin salla ba ne, furen lemu ne da Sifaniyanci, suna bin salon sunan Citra.

Sai dai lasisin GPL izinin mai rubutu ne kawai, ba ya hana wani ɓangare na uku kawo ƙorafi. Yuzu ma a kan GPL yake, amma a 2024 Nintendo ta sa GitHub, shafin ajiye rubutun manhaja, ya sauke rassansa sama da 8,000 a takarda ɗaya, bisa hujjar karya kulle. Wanda ya ɗora Yuzu a shafinsa bai taka haƙƙin masu Yuzu ba, amma ya tsaya daidai inda aka buge su.

Akwai aji na biyu: rubutun a buɗe yake amma an hana kasuwanci da shi. Snes9x da Genesis Plus GX suna nan. Za ka iya rabawa kyauta, ba za ka iya sa shi cikin na'urar sayarwa ko ka karɓi kuɗi a kansa ba. DuckStation ya bar GPL a Satumba 2024 ya koma lasisin da ya hana kasuwanci ya kuma hana raba gyararren kwafi. Abin da ya fito kafin wannan canji yana nan a kan GPL, na bayansa ba haka ba. A duba lambar fitowa kafin a ɗora.

Aji na uku shi ne rufaffu: ePSXe, DraStic, da ɓangaren Android na AetherSX2. A nan ba ka da wani izini sai wanda mai shi ya furta. DraStic da kuɗi ake sayensa, a Maris 2024 mai shi ya mayar da shi kyauta, daga baya ya fita daga Play Store. Kyauta na nufin ba ka biya, ba ta nufin ya zama naka ka gyara ka sayar. AetherSX2 kuwa an dakatar da shi a Janairu 2023. Shi ya sa masu NetherSX2 da farko ba su raba cikakkiyar manhaja ba, faci suka yi wanda mutum zai ɗora a kan kwafin da yake da shi. Bleem da Virtual Game Station su ma rufaffu ne, na biyun ma a hannun Sony yake.

Ban da doka, akwai dalilin fasaha da zai sa a yi hattara da matattun emuletoci. A 2015 an nuna cewa ZSNES 1.51 yana da ɓaraka da ke ba gurɓataccen fayil ɗin gem damar gudanar da umarni a kan kwamfutar kanta, kuma ba wanda ya fitar da gyara a hukumance. Fayilolin APK na AetherSX2 da DraStic da ke yawo a shafukan saukewa ba ka da tabbacin ba a taɓa su ba. Alama mafi sauƙi: babban abin da emuleta ke buƙata shi ne izinin shiga ma'ajiyar fayil. In ya nemi izinin saƙonni, lambobin waya ko kira, an cusa masa wani abu. Kuma emuletan waɗannan na'urori bai zuwa da BIOS na gaskiya ko wasanni a cikinsa. Wanda ya zo da su wani ne ya sake ɗaure shi.

Ga mai shago: tura PPSSPP da karɓar ladan aiki bai saɓa lasisinsa ba, kuma shi ba ya buƙatar BIOS sam, Henrik Rydgård da abokan aikinsa sun sake rubuta ayyukan tsarin PSP da kansu. Matsalar tana cikin fayil ɗin ƙwallon. Gyararrun PES da ake sa wa sababbin 'yan wasa da riguna, gindinsu gem ɗin Konami ne, gyaran bai canza mai shi ba. Kuma sayarwa ita ce ta fi kowane mataki nauyi a doka.

Ɗan_Gidan_Gem

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ke nan hanya mafi tsafta ita ce mutum ya ciro BIOS da gem daga na'urarsa da kaset ɗinsa. Yaya ake yin haka a aikace? Kuma wanda ya daɗe a kan ePSXe ko AetherSX2, in zai koma wani, ajiyar wasansa za ta bi shi?

Mai_Gyaran_PS

Amin ɗan'uwa. Da farko ka tabbatar faifan na asali ne, domin yawancin waɗanda suka yi yawo a kasuwanninmu kwafi ne, kuma ciro gem daga kwafin sata bai mayar da shi naka ba. Faifan PS1 na asali bayansa baƙi ne. Na PS2 iri biyu ne: mai shuɗin baya CD ne, mai ruwan azurfa DVD ne. Wannan bambancin zai yi maka amfani wajen kwafa.

Faifan PS1 da PS2 kowace kwamfuta mai wurin saka DVD tana karanta su, ba sai an taɓa na'urar gem ba. Da ImgBurn ake yi. Na PS1 da masu shuɗin baya a fitar da su a BIN da CUE, kada a yi ISO. Dalili shi ne wasanni da yawa na PS1 kiɗansu yana kan layukan sauti dabam da na bayanai, ISO kuma layin farko kaɗai yake ɗauka, sai ka ga gem yana tafiya ba kiɗa ko ya tsaya a wani wuri. Fayil ɗin CUE ƙaramin rubutu ne mai nuna sunan BIN. In ka canza wa BIN suna ba ka gyara cikin CUE ba, emuleta zai ce bai ga faifai ba. Masu ruwan azurfa ISO ya wadatar. In faifan ya karce, rage saurin karatu zuwa 4x, ka goge shi daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba. Irin su God of War da Gran Turismo 4 masu hawa biyu ne, sun haura gigabait 4, don haka ba za su shiga filashi ko memori mai tsarin FAT32 ba. Sai exFAT ko NTFS.

Wani tarko ga faifan PS1 na Turai, waɗanda su ne suka fi zuwa yankinmu: wasu suna da kariyar LibCrypt da ke ɓoye a ƙananan bayanan gefen layi, waɗanda BIN da CUE ba sa ɗauka. Gem zai buɗe lafiya, can gaba ya daskare ko ya ƙi wucewa. Maganinsa fayil ɗin SBI mai suna iri ɗaya da na CUE a babban fayil guda, ko a kwafa da manhajar da ke ɗaukar waɗannan bayanai, kamar CloneCD.

Don rage girma akwai chdman da ke zuwa tare da MAME. Umarnin shi ne chdman createcd -i wasa.cue -o wasa.chd ga CD, createdvd kuma ga DVD. Ba ya zubar da komai, ana iya mayar da shi yadda yake. In kana son ka tabbatar kwafinka ya fita daidai, ka lissafa SHA-1 ɗinsa, wato lambar tantance fayil, kafin matsewa ka gwada da wanda ke rumbun Redump. In sun yi daidai, ba harafi ɗaya da ya ɓata.

BIOS na PS2 yana buƙatar na'urar kanta. Kayan aiki: memori mai Free McBoot (manhajar da ke ba PS2 damar tayar da manhajar da ba ta Sony ba), filashi mai FAT32 da tsarin MBR, da ƙaramar manhajar biosdrain. Ka sa fayil ɗin a filashi, ka kunna na'urar da memorin a ciki, ka buɗe uLaunchELF, ka shiga mass, ka tayar da shi. Zai rubuta fayiloli da dama, babban cikinsu rom0 ne mai megabait 4. Ka kwashe su duka zuwa babban fayil ɗin bios na PCSX2. Kada ka zare filashin kafin ya ce ya gama, ramin USB na PS2 tsohon samfuri ne na 1.1, a hankali yake. Abubuwa biyu ke yawan hana aikin. Filashin da aka tsara da GPT ko exFAT, tsohon uLaunchELF ba zai gan shi ba. Sannan siraran PS2 na ƙarshe, jerin SCPH-90000 masu BIOS 2.30, Free McBoot ba ya tashi a kansu, sai a bi ta FreeDVDBoot ko Fortuna.

BIOS na PS1 kilobait 512 ne, kuma na yanki-yanki ne: 5500 na Japan, 5501 na Amurka, 5502 na Turai. Saɓanin yanki yana kawo baƙin allo ko saurin da bai dace ba, tunda na Turai a kan 50Hz yake tafiya, sauran a kan 60Hz. Wasu na'urorin ba sa buƙatar wannan wahala. mGBA, emuletan Game Boy Advance, yana da madadin BIOS a cikinsa. RPCS3 kuma da fayil ɗin sabunta tsarin PS3 yake aiki, wanda Sony da kanta take bayarwa a shafinta.

PSP sai an sa mata gyararren tsari. A babban allo ka danna Select, ka mayar da na'urar USB daga memori zuwa faifan UMD, ka jona da kwamfuta, za ka ga fayil ɗin ISO ka kwafe. Bai wuce gigabait 1.8. PSP Go ba ta da wurin faifai, ba za ta yi wannan aikin ba. GameCube da Wii da CleanRip ake ciro su a kan Wii, domin yawancin kwamfutocin gida ba sa karanta faifansu. Kaset ɗin Game Boy kuma sai da ƙaramin makaranci irin GB Operator ko GBxCart RW, wanda ke ciro har ajiyar wasan kafin batirin cikin kaset ya mutu.

Batun ƙaura: ajiya iri biyu ce. Wadda aka yi a cikin gem, a memorin kwaikwayo, tana bin ka. Memorin ePSXe fayil ne mai kilobait 128 da ke ƙarewa da mcr, DuckStation yana karɓarsa ta wurin editan memorinsa. Na AetherSX2 mai megabait 8 tsarinsa ɗaya da na PCSX2. Na SNES fayil ɗin srm ne, ka dai daidaita sunansa da na gem. Amma ajiyar nan-take, wadda emuleta ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar na'ura, ba ta ƙaura, wani lokaci ko tsakanin fitowa biyu na emuleta ɗaya. Kafin ka goge tsohon, buɗe kowane gem ka yi ajiya ta cikinsa. A sababbin Android kuma ka kwashe abin da ke Android/data tukuna, domin cire manhaja yana share wannan wurin gaba ɗaya.

'Yar_Laburare

Sannunku da ƙoƙari. Ina so in ƙara gyara ɗaya, kada mai tambaya ya tafi da cewa ciro gem daga faifanka halal ne ɗari bisa ɗari a ko'ina. Shi ne mafi tsafta, amma ba a rufe maganar ba. Sashe na 117 na dokar Amurka ya yarda mai manhaja ya yi kwafin ajiya, sai dai a 1983, a shari'ar Atari da JS&A, kotu ta ce wannan bai shafi kaset ɗin gem ba. Nintendo har yau ba ta yarda da kwafin ajiya ba. Kuma sa wa na'ura gyararren tsari karya kulle ne a kansa. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ba wayoyi wannan sassauci, ya hana na'urorin gem a 2012 da 2015. Kwafa faifan PS1 a kwamfuta bai karya komai ba, ciro na 3DS ko Switch kuwa ya karya. Ba matsayinsu ɗaya ba.

Duk da haka ban yarda a tsaya a kan cewa haramun ne kawai a yi shiru ba, domin damuwar da ta haifi kalmar yasasshe gaskiya ce. Binciken da Video Game History Foundation ta fitar a Yuli 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Shagon intanet na 3DS da Wii U ya rufe a 27 ga Maris 2023, wasannin da ba su taɓa fita a kaset ba suka rasa hanyar saye. Wasu kuma ko mai su ba a tantance ba: Night Dive ya nemi sake fitar da No One Lives Forever, ya yi ta kai-komo tsakanin Warner Bros., Activision da 20th Century Fox, abin ya ƙare ba a fitar ba. Doka ta san da wannan giɓin amma ta buɗe ƙofa ƙarama. Duk shekara uku ana duba sassauci a kan sashe na 1201. A 2015 an yarda a gyara gem ɗin da aka kashe masa uwar garken tantancewa, a 2018 aka faɗaɗa wa ɗakunan karatu da gidajen tarihi, amma a cikin gininsu kawai. A Oktoba 2024 an nemi a bar masu bincike su shiga daga nesa, aka ƙi. A ganina wannan ƙin kuskure ne, tunda littafi da fim ana ba masu bincike su ta irin wannan hanya. Kamfanonin da kansu suna cin moriyar aikin masu emuleta: PlayStation Classic ta 2018 da PCSX ReARMed take aiki.

Wanda yake son abin da zai ɗora a shafi hankali kwance, akwai wanda masu shi suka saki da bakinsu. Hasbro ta buɗe Atari Jaguar ga kowa a 1999, wato a rubuta mata sababbin wasanni ba lasisi, ba wai tsofaffin sun zama kyauta ba. Amstrad ta yarda a raba ROM na ZX Spectrum tare da emuleta. Revolution Software ta mayar da Beneath a Steel Sky kyauta a 2003. Shafin MAME yana da wasu wasanni kamar Gridlee da Robby Roto da izinin masu su, amma izinin na amfanin da ba na kasuwanci ba ne, kuma na saukewa daga shafin ne, don haka mahaɗi za ka sa maimakon ka kwashe.

MaiNazarinDoka

Gyaran Malama daidai ne, na karɓa. Abu ɗaya zan ƙara saboda na san za a tambaya ta fuskar addini: Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a ta'adda a kansu. Ƙiyasin da wasu ke yi da tsintuwa bai zauna ba, tunda tsintuwa ita ce wadda ba a san mai ita ba, kuma ko ita sai an yi cigiya. Sony da Nintendo da Konami an san inda suke.

Ga mai shirin buɗe shafin adana emuletoci: kowane ɗaya ka ajiye shi da takardar lasisinsa da asalin rubutunsa na wannan fitowar, ka rubuta lambar fitowa da SHA-256 a gefensa don mai saukewa ya tantance. Rufaffu irin DraStic da ePSXe ka rubuta wa masu su ka nemi izini, in ba amsa ka tsaya a kan bayani da tarihi ba tare da fayil ba. Kada ka sa BIOS, kada ka sa prod.keys na Switch ko wani makulli, kada kuma ka sa mahaɗi zuwa inda ake samunsu, domin nuna hanya ma yana cikin abin da Nintendo ta lissafa a ƙarar Yuzu. Tambarin kamfanoni da hoton Mario a saman shafi su ma a bar su, wannan dokar tambarin kasuwanci ce, ita kuma ba ta da wa'adi muddin ana sabunta rajista.